Ranar da Na Kama wa Yaya Katako

A gidanmu na Gwandu babu laifin da ya kai mutum ya tsaya yana kallon babba yana aiki. Ko ƙarya ka yi ana iya cewa tsoro ne ya sa ka, amma ka ga mahaifinka ko yayanka ya sunkuya yana fama da wani abu, kai kuwa kana tsaye hannuwa a sake, wannan ba a ma sauraron bayaninsa. Ba a jira sai an kira ka. Da ka hango babba da kaya za ka sa hannu, ko da abin bai kai nauyin buta ba. In ya ce ka bar shi, sai ka ƙara riƙewa, don kowa ya san "bar shi" ɗin nan ta baki ce kawai. Haka aka tashe mu, kuma har gobe ban ga aibin wannan tarbiyya ba. Sai dai ita ce ta kusa raba yayana da sana'ar da yake ciyar da iyalinsa da ita, kuma da hannuna aka yi.

Yaya kafinta ne. Ya girme ni da shekara goma sha uku, kuma tun da mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ne uban. A lokacin, da zarton hannu yake aiki a zauren gidanmu, ni kuma in na dawo daga makaranta aikina ɗaya ne, in tallafe ƙarshen katakon da yake yankawa kada ya faɗi kafin zarto ya gama ratsa shi. In na yi sakaci ya faɗi da nauyinsa, sai gefen ya tsage, aikin ya lalace, ni kuma in sha ranƙwashi. Na sha shi kuwa, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Daga baya ya ce kaina ya fi hannuna amfani, ya tura ni karatu har na zama malamin firamare. Amma riƙon katakon nan ya riga ya zauna mini a jiki.

Da aka kafa jami'a a Kalgo gari ya buɗe, ana ta gina ɗakunan haya, kowane ɗaki yana son ƙofa da gado da teburin karatu. Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma can, ya kafa rumfa a bakin hanya. Aiki ya fi ƙarfin zarton hannu, sai ya sayi na lantarki, irin wanda ake riƙewa ana turawa a kan katako. Faifan ƙarfe ne mai haƙora a kewayensa, yana juyawa da gudun da ido ba ya iya bi, da murfin da ke komawa da kansa ya rufe haƙoran da zarar an ɗaga shi. Yankan da yake ɗaukar Yaya har ya yi gumi a dā, wannan abu kafin ka gama gaisawa da mutum ya gama shi. Ni dai tun ranar da na fara jin ƙararsa ban so shi ba.

In faɗi gaskiya, ban taɓa ganin mai kaffa-kaffa da injin nan kamar Yaya ba, har ina yi masa tsiya cewa shirin yankansa ya fi yankan daɗewa. Wasu kafintocin kan ɗaure murfin da robar tayar babur wai yana rage musu sauri, shi kuwa in ya ga an yi haka sai ya bar wurin. Ba ya taɓa faifan sai ya zare filogi, ko da babu wuta, ya ce musamman ma in babu wuta, tunda ita ba ta sallama in za ta dawo. Yakan daidaita zurfin faifan yadda haƙoran za su ɗan leƙo kaɗan kawai a ƙarƙashin katakon. Riga mai gajeren hannu yake sawa, ya saka tabarau, ya rataya wayar a kafaɗa ta bi ta bayansa. Ba ya tsayawa daidai bayan injin, sai ya ɗan goce gefe. In ya gama, ba ya ajiye shi sai faifan ya tsaya cak. Katakon kuwa yakan ɗaure shi a jikin benci da wani ƙarfe mai murɗi, wanda zan kira ƙarfen matsi, don hannuwansa biyu su kasance a kan injin.

Akwai abu ɗaya da nake gani kullum ban gane shi ba. Ɓangaren da za a yanke a yar, Yaya yakan bar shi ya zarce bakin benci yana reto, babu komai a ƙarƙashinsa, in yanka ya ƙare sai ya faɗi ƙasa da kansa. Ni a wautata na ɗauka rashin mai kama masa ne. Har tausayinsa nake ji, ina cewa a raina, dubi mutumin da ya rene ni, yau ga shi babu mai riƙe masa ko ƙarshen katako. Ban tambaye shi ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba, don duk zuwan da nake yi da yamma ne, lokacin ya gama yanka yana harhaɗawa, ko kuma in hango shi daga nesa ina cikin gida.

Wata Asabar ce a tsakiyar damina. Na taso daga Gwandu da hantsi a kan babur, da ƙullin daddawa da matata ta ba ni in kai wa matarsa. Tun daga nesa na ji ƙarar injin. Na tarar da shi ya ba hanya baya, yana yanka wani katako mai kauri na dogaran ƙofa, ɗanye, ruwan jiya bai gama fita daga jikinsa ba. Ashe ranar ya ara wa maƙwabcinsa ƙarfen matsin, don haka da hannun hagu ya danne katakon, dama na kan injin. Na yi sallama, ƙara ba ta bari ya ji ba. Na duba na ga ƙarshen katakon ya fara sunkuyawa. Wallahi ban yi tunanin komai ba. Na jingine babur, na yi taku uku, na sa hannu biyu na tallafe shi, har na ɗan ƙara ɗaga shi sama don in sauƙaƙa masa.

Ƙarar ce ta fara canzawa, ta yi wani irin gurnani. Sai injin ya yi tsalle ya dawo da baya a kan katakon, ya bi ta kan hannun hagunsa. Duk abin bai kai ƙiftawar ido ba. Yaya ya saki, injin ya faɗi gefe, murfin ya rufe bayan an riga an yi ɓarna. Bai yi ihu ba. Ya kama wuyan hannun da ɗaya hannun, ya yi salati a hankali, ya zauna a ƙasa cikin garin katako. Ni kuwa ina nan tsaye rungume da ƙarshen katakon, na kasa ko ajiye shi.

Maƙwabcin nan shi ya yi abin da ya kamata. Shi ma kafinta ne, mutumin Zuru, Kirista, dattijo mai sanyin magana, rumfarsa na jingine da ta Yaya. Ya fara zare filogin, sannan ya kawo tsumma mai tsabta ya danne ciwon, ya ɗaga hannun sama da kafaɗa, ya ce in tare mota. Muka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Aka yi ɗinki. Manuniyar ta tafi daga gaɓa ta biyu, babu yadda za a yi da ita. Babban yatsan yana nan, amma jijiyarsa ta yanke, an haɗa, likita ya ce lokaci ne zai nuna ko zai sake kama abu. Ni na san abin da wannan magana take nufi ko da likitan bai sani ba. Da wannan yatsa kafinta ke riƙe ƙusa, da shi yake kama mariƙin gaba na injin. In bai dawo ba, Yaya ya gama kafinta, ga 'ya'ya shida a gida.

Yanzu zan faɗi ɓangaren da ya fi ba ni kunya. Da aka sallamo shi, gida ya cika da 'yan dubiya, daga Gwandu, daga Dodoru inda dangin mahaifiyarmu suke, daga ko'ina. Kowa ya zo sai ya tambayi yadda abin ya faru. Yaya ba mai yawan magana ba ne, ni kuwa Allah ya hore mini baki, ga shi ni kaɗai na gani da idona. Sai na zama mai ba da labari. Ina gyara zama, ina nuna yadda injin ya yi tsalle, kuma kowane lokaci ina rufewa da cewa Allah ne ya kawo ni a daidai lokacin na riƙe katakon, da ba haka ba da abin ya fi haka muni. Mutane suna sa mini albarka, ni kuma ina karɓa. Yaya yana kwance a kan tabarma, abin da kawai yake cewa shi ne hannunsa ne ya ajiye inda bai kamata ba, kuma abin da Allah ya rubuta ba ya wuce lokacinsa.

Ban tsaya nan ba. Na ɗora wa injin laifi, na yi ta zaginsa kamar yana ji. Na ce a sayar da shegen abu a koma zarton iyaye, wanda bai taɓa cin yatsan kowa ba. Har na ce wa matar Yaya ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Ita da ta saba tsokanata da "Malam mai alli", ranar kallona kawai ta yi ta ce to. Yanzu nake zargin ita ma ta sani.

Maƙwabcin ya ji labarin nan daga bakina sau uku ko huɗu. Wata rana da na fito zan hau babur, sai ya ce in ba shi minti biyar a rumfarsa. Ya ɗauko guntun katako ya ɗaure a benci, ƙarshensa a waje, ya yanka shi da zarton hannu har rabi. Ya yago kwali ya zura a cikin tsagar. Ya ce in ja kwalin, na ja, ya fito salin-alin. Ya mayar, sannan ya ce in ɗaga ƙarshen katakon yadda na ɗaga ranar, in sake ja da ɗaya hannun. Na ɗaga, na ja. Kwalin ya ƙi fita, har ya yage.

"Malam, kwalin nan shi ne faifan," in ji shi. "In aka bar ƙarshen ya sunkuya, tsagar buɗewa take yi, faifan ya wuce. In aka ɗaga, rufewa take yi ta cije shi. Shi kuma yana juyawa da ƙarfi, ba shi da wurin zuwa sai baya. Zarton hannu in ya cije tsayawa yake yi. Wannan ba ya tsayawa."

Na gane nan take, ai ba daƙiƙi ba ne ni. Amma maimakon in yi shiru, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa yana neman wanda zai jingina wa laifi ne, tunda shi ya ari ƙarfen matsin, da bai ara ba da hannun Yaya bai je kan katakon ba. Na faɗa masa magana mai zafi, mutumin da ya tsayar da jinin ɗan'uwana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wannan gaskiya ne, nasa rabon yana ɗauke da shi, kuma tun ranar ya je ya faɗa wa Yaya. Ya ce ba don ya ɓata mini rai ya kira ni ba, yana tsoro ne kada in je wata rumfar in sake taimakon wani.

Ban san yadda na kai Gwandu ranar ba. Washegari bayan an tashi daga makaranta na shiga ɗakin da muke tara karyayyun bencina, na samu ƙafar benci da tsohon zarto, na maimaita abin da ya nuna mini, wai ko zan kama shi da kuskure. Sau uku ina yi, sau uku kwalin yana yagewa. Na zauna a kan wani karyayyen tebur na daɗe. Abin da ya fi ci mini rai ba ma ɗaga katakon ba ne, don wannan ban sani ba na yi. Albarkar nan ce da na yi ta karɓa a gaban mutumin da ke kwance da hannu a naɗe.

Na yi sati biyu ban taka Kalgo ba, ni da nake zuwa duk bayan kwana biyu. Matata ta tambaye ni ko mun yi faɗa ne, na ce aiki ne ya yi yawa. Yaya bai kira ya tambayi dalili ba. Daga ƙarshe na ga in na ƙara kwana ɗaya ba zan iya zuwa ba har abada, sai na hau babur. Na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida bayan La'asar, yana matsa wata ƙwallon roba da aka ce ya riƙa motsa yatsan da ita. Matsawar ma ba ta wuce a ce yana shafa ta ba. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa tashi. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu, ni da nake tsayawa gaban yara saba'in in yi ta zuba.

Na ce, "Yaya, ni ne. Ni na ɗaga katakon, shi ya sa injin ya dawo."

"Na sani," ya ce. "Na ga ƙafafunka ta ƙarƙashin benci kafin shi cije. Ban samu bakin hana ka ba."

"To don me ka bar ni ina ta surutu a gaban mutane?"

Ya juya ƙwallon a tafinsa. "In ce musu mi? In ce ƙanena ya ga ina aiki ya kama mini? Wa ya koya maka kamawar? Ni na sayo abin wanga, na san halinshi, na gaya wa kaina dokokinshi duka, ban gaya wa mutanen gidana ba. Kuma na yanka ba matsi, na san bai kamata ba."

Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba, gandamemen mutum da gemu. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce in tashi haka nan kada yara su fito su ga malaminsu. Da zan tafi ya ce in biya ta rumfar maƙwabcin, don ya ji abin da na faɗa masa, ai katangar zana ce tsakaninsu da gidan. Na biya na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, ya kawo mini kujera, muka yi hirar ruwan bana.

Yafiya ta samu, amma ba ta motsa yatsa. Wata uku, wata huɗu, babban yatsan nan yana nan a sandare. Nakan zo in same shi ya ɗora ƙusa a kan guntun katako yana ƙoƙarin riƙe ta da babban yatsa da na tsakiya, tana zamewa, ya ɗauka, ta sake zamewa. In ya ji motsina sai ya tura ƙusar ƙarƙashin tabarma. Masu kawo aiki suka fara wucewa gaba, ba don mugunta ba, ɗalibai ba za su kwana a ƙasa suna jiran hannun wani ya warke ba. Wani mai sayar da katako ya yi masa tayin ya zo ya zauna masa a shago yana auna wa masu saye. Aikin zama ne, na mutumin da ya gama. Yaya ya ce a ba shi zuwa bayan girbi, in bai iya yanka madaidaici ba zai zo. Duk lokacin da na tuna shi zaune a shagon wani yana miƙa wa kafintoci katako, sai abinci ya fita raina.

Bayan an kai gero gida, ya kira ni a waya ya ce in zo ranar Asabar da safe. Wani tsoho manomi daga Dangoma ya kawo aikin ƙofar zaure, ya ce shi ba ya sauri, kuma tun asali Yaya ke yi masa aiki. Wannan ne yanka na farko tun ranar. Na zo da niyyar in yi duk abin da aka sa ni, ko ɗaukar benci ne a ka. Na tarar Yaya ya ɗebo toka a murhu ya zuba ta a ƙasa, ya zagaye bencin da ita, taku uku ta kowane gefe. Ya ce aikina shi ne in tsaya a wajen layin nan. Kada in shigo, kada in bar kowa ya shigo, ko wane ne, har sai faifan ya tsaya.

Na ce ko katakon in ɗora masa a benci kafin ya kunna. Ya ce a'a. Ya ce ai ni gobe ba na nan, jibi ba na nan, yana so ya san abin da zai iya shi kaɗai.

Ban taɓa yin aiki mai wahalar wannan ba. Ina tsaye cikin kaftanina mai guga, na haɗa hannuwa a baya na damƙe ɗaya da ɗaya, ina kallon yayana yana jan katako mai nauyi da hannu ɗaya da rabi. Ya ɗora shi da ƙyar. Ƙarfen matsin ya suɓuce masa ya faɗi, ya sunkuya ya ɗauka, ya sake suɓucewa. Ƙafata ta motsa da kanta, na mayar da ita. Ya ɗaure katakon tamau, ya girgiza shi ya ji ba ya motsi, ya ja layi da fensir. Ya duba murfin, ya saki ya ga ya koma, ya daidaita zurfin faifan, sannan ya sa filogi. Gumi ya jiƙa masa riga tun bai fara ba.

A daidai nan tsohon mai ƙofar ya iso, a kan keke, da rawani a kansa, da sanda ɗaure a bayan sirdi. Sa'an mahaifinmu ne ko ya fi. Bai san ni ba. Ya dubi Yaya da hannunsa, ya dube ni daga hula har takalmi, fuskarsa ta canza. Ya tambaye ni ko ciwo gare ni. Na ce lafiyata lau, Baba. Ya ce to me ya hana ni kama wa bawan Allah, ko karatun boko ne ya ce in tsaya kamar an dasa ni. Na buɗe baki zan yi bayani, sai injin ya tashi, ƙara ta cinye maganar.

Yaya ya bar faifan ya kai gudunsa kafin ya taɓa katakon. Dama na kan makunnin injin, hagu na kan mariƙin gaba, babban yatsan nan ya zagaye shi iya yadda zai iya. Ya goce gefe, ya fara turawa a hankali. Ina kallon yatsan, ba na ko numfashin kirki. Yanka ya kai rabi, ƙarshen katakon ya fara sunkuyawa. Sai na ga tsohon ya yar da kekensa ya yunƙura, hannuwa a miƙe, daidai yadda na yi, har da taku ukun.

Na cafke shi a damtse kafin ƙafarsa ta taɓa tokar. A rayuwata ban taɓa sa wa babba hannu ba sai ranar. Ya fizge, na ƙara riƙewa, har rawaninsa ya karkace. Yana faɗa, ina ganin bakinsa yana motsi, na tsinci "marar kunya" da "ɗan wa" a cikin ƙarar. Mutanen da ke wucewa suka tsaya suna kallon ƙato ya riƙe tsoho. Na ji kunya har cikin ƙashina, amma ban sake shi ba.

Guntun katakon ya faɗi ƙasa da kansa. Yaya ya saki makunnin, ya tsaya yadda yake har faifan ya daina juyawa, ya ajiye injin, ya zare filogi. Sai a lokacin na saki tsohon, na durƙusa ina ba shi haƙuri. Bai ko dube ni ba. Yaya ya ɗauko sukwaya, ƙarfen da ake gwada daidaiton yanka da shi, ya ɗora a bakin yankan, ya ɗaga wajen haske ya duba. Babu inda haske ya ratsa. Ya bi gefen da babban yatsan nan, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya sake bi. Ya ajiye sukwayar a kan benci.

Tsohon yana gyara rawani yana huci. Ya zare sandarsa daga keken, ya nuna ni da ita ya ce, "Kai kafinta, wane ne wanga marar tarbiyya da ka bari shina tsaye a wurin aikinka? Bai kama maka ba, kuma ya hana a kama maka."

Yaya ya cire tabarau ya goge fuska da gefen riga.

"Ƙanena ne, Baba," ya ce. "Ni na rene shi."

Ya sunkuya ya jawo katako na biyu shi kaɗai, ni kuma na koma bayan tokar na mayar da hannuwana baya.